Itacen Kabarin Zelma

Litinin, 3 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Na hau makabarta yau, karo na farko tun da sanyi ya sake mu. Sau huɗu na tsaya hutawa a hanya. Bara sau biyu na tsaya.

Itacen da ke kan kabarin matata Zelma yana zubar da ganye. Itacen hemlok ne, kuma hemlok ba ya haka. Shekarata saba'in da tara a Rafin Sanyi, ko da zafi ko da ƙanƙara, kore shar nake ganinsa. Yau na tarar da dutsenta ya rufe da siraran ganyen nan, duk sun koma ruwan toka. Na share da hannu. Kafin in gama addu'a wasu sun sauko.

Na jawo reshe ɗaya na juya bayansa. Akwai farin abu a gindin kowane ganye, ɗigo-ɗigo a jere, kamar an yayyafa auduga.

Na san abin nan. Na taɓa ganinsa. Ba zan rubuta inda na gan shi ba.

Talata, 4 ga Mayu, da safe

Kofi kawai na iya sha.

Alhamis, 6 ga Mayu, bayan azahar

Doyle Rathbone ya zo. Shi ne shugaban kwamitin makabarta, ni ne magatakarda shekara talatin da ɗaya, ba don wayo ba sai don rubutuna yana karantuwa. Ta ukunmu Ozella Messer ce. Tun daga tsakar gida ya ɗaga murya.

"Arvil! Kana raye, ko in shigo da shebur?"

"Shigo da bakinka," na ce, "ya fi shebur tono."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ƙofa ba. Ya zauna da hularsa a gwiwa ya ce ya zagaya makabartar jiya, itatuwa goma sha huɗu ne, kuma babu wanda farin abin bai kama ba. Ya kira ofishin gandun daji, za su turo wani ranar Talata.

"Saura mako biyar Ranar Adon kaburbura," in ji shi. "Mutane za su zo daga jihohi uku su ci abinci a ƙarƙashin itatuwan nan. Me zan ce musu?"

Na ce masa kofi ya huce, ya sha.

Talata, 11 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Mace suka turo, Malama Lorene Sutton, da manyan takalma da ƙaramin gilashi a wuya. Doyle ya kai ni da motarsa har ƙofar shinge, don haka na isa da sauran numfashi.

Ta ba mu gilashin muka duba ɗaya bayan ɗaya. Farin ba ƙwaron ba ne, rigarsa ce. Shi yana ciki, baƙi, bai kai ƙwayar barkono da aka niƙa ba. Yana soka bakinsa a gindin ganye ya zauna nan har ya mutu, yana tsotsa. Ta ce duk mata ne, ba sa bukatar namiji, guda ɗaya ta isa ta cika daji. Ozella ta ce, "To ai sun huta." Ba wanda ya yi dariya sai ita.

Malama Lorene ta murza farin tsakanin yatsunta ta nuna mana. Ja ne, kamar jini da ya fara bushewa.

Ta ce itace yana ɗaukar shekara huɗu ko biyar kafin ya mutu. Akwai magani da ake zubawa a ƙasa, saiwa ta sha ta kai sama, amma abin da za ta iya samo mana na itace biyar ne kacal. Sauran gara a sare su tun suna da ƙarfi, don busasshen hemlok yana jefo rassa ba sanarwa, kuma ƙarƙashinsa duwatsun kaburbura ne da kawunan mutane.

Ta daɗe a gindin itacen Zelma da wanda ke kusa da shi. Ta ce waɗannan biyun sun fi jin jiki, a wajen nan abin ya fara. Har yanzu za su iya shan magani, amma bana kaɗai. Baɗi sai dai zarto.

Ozella ta tambaya ta yaya yake zuwa.

"Tsuntsaye, iska, barewa," in ji ta. "Mutane ma, in sun ɗauko dashe daga wani wuri. Ko rassa."

Ko rassa. Ta faɗa ta wuce, tana neman biro a aljihu.

Laraba, 12 ga Mayu, da hantsi

Na wanke hannuna sau uku. Ni ban murza komai ba jiya.

Juma'a, 14 ga Mayu, ƙarfe uku

Zan rubuta labarin bargo kawai, don kada in manta yadda aka yi.

Kowa a nan yana yi wa mamacinsa bargo a farkon Disamba. Ka sari korayen rassa, ka saƙa su a kan waya, ka rufe kabarin daga kai har ƙafa kafin dusar ƙanƙara ta sauko. Kowa yana sara a bayan gidansa. Zelma ba 'yar nan ba ce, daga jihar Virginia na auro ta, shekara hamsin da ɗaya tana cewa itatuwanmu ba su da ƙamshi irin na gonar babanta. Makon da za ta rasu ta kama hannuna ta ce nata bargon daga can take so. Ba mu haihu ba. Ba ta roƙe ni komai ba sai wannan.

Coy, ɗan 'yar'uwarta, yana tuƙa babbar mota ta hanyar nan. Kowane Disamba yana ajiye mini dami biyu a bakin titi. Sau huɗu ke nan. Nakan saƙa a teburin kicin, in kai mata, in bazara ta yi in kwashe in zuba a gindin itacen don ya zama taki. Da sanyi ba mai hawa makabarta, kuma daga nesa bargo bargo ne.

Shekarar farko na rubuta wa Coy wasiƙar godiya. Na ce sun kyauta da suka fesa wa rassan dusar ado irin ta kanti, wadda ake sa wa itacen Kirsimeti, Zelma za ta so haka. Bai ba ni amsa a kan wannan ba. Coy ba ya karanta wasiƙa har ƙarshe.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Lahadi, 16 ga Mayu, da yamma

Kwamiti ya zauna bayan sujada, a ɗakin bayan coci. Itatuwa huɗu ba su ba mu wahala ba, manyan nan ne na tsakiya da ke inuwantar da kakannin kowa da teburan cin abinci. Na biyar ne. Ko na Zelma, ko na kusa da shi, wanda ke kan Nola, 'yar Hoyt Plemmons da zazzaɓi ya ɗauke tana shekara shida.

Doyle ya ce shi ya riga ya gano bakin zaren. Shekara uku da suka wuce Hoyt ya sayo ƙananan hemlok daga wata gonar dashe a ƙasan dutse, ya yi shinge da su a gidansa, kuma gidansa ne mafi kusa da makabarta. Ya je ya duba shingen, fari fat.

"Daji cike da itace kyauta, shi sai na kanti," in ji Doyle. "Wanda ya kawo cuta ba zai riga mutane shan magani ba."

Ozella ta ce, "Doyle, yarinya ce fa a kwance a wurin, ba Hoyt ba."

"Zelma ma ba ta sayo dashe ba. Arvil, kai ba za mu tambaye ka ba, abin ya shafe ka. Rubuta."

Ozella ta dube ni. Na gyara tabarau. Na rubuta: itace na biyar, na kabarin Zelma Cagle. Hannuna bai yi rawa ba, shi ne abin da ya ba ni tsoro.

Na rufe littafin.

Litinin, 17 ga Mayu, da safe

A gefen Zelma nawa wurin yake. Sunana yana kan dutsen tuni, shekarar mutuwata ce kawai ba a sassaƙa ba. Mu biyu muka zaɓi inuwar nan.

Alhamis, 20 ga Mayu, tsakar rana

Hayaƙi daga wajen gidan Hoyt tun safe. Ozella ta kira ta ce ya tumɓuke shingen duka ya cinna masa wuta, matarsa Jewel tana tsaye a baranda tana kallo.

Na rufe taga. Warin ya shigo duk da haka.

Asabar, 22 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Na kira Coy. Na ce gaisuwa ce kawai. Can cikin hira na tambaye shi itatuwan gonar kakansa.

"Wayyo Kawu, ai sun tafi! Tsaye suke kamar ƙasusuwa, tun daga rafi har kan tudu. Bara sai da na yi yawon rabin yini kafin in samo maka masu ɗan kore. Wannan farin ƙwaron ne. Ku bai iso muku ba ko?"

Na ce layin ba shi da kyau.

Lahadi, 23 ga Mayu, bayan sujada

Hoyt da Jewel sun zauna a bencin ƙarshe. Da aka tashi, mutane suka riƙa wucewa ta ɗaya ƙofar. Ni ma ta can na bi, na ce wa kaina ta fi kusa da mota.

Laraba, 26 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Hoyt ya zo da kwanon wake da burodin masara, Jewel ce ta aiko, kamar kowace Laraba tun rasuwar Zelma. Na zaci yau ba za a kawo ba. Na so a ce ba a kawo ba.

Bai shigo ba. Ya tsaya a matakala yana duban ƙasa, ƙaton mutum, hannuwansa duk tabon zarto.

"Kawu Arvil, ka san wa Doyle ya ba aikin saran?"

Na sani. Duk kwarin nan ba mai iya kwantar da babban itace tsakanin duwatsu ba tare da ya fasa ko ɗaya ba sai Hoyt.

"Ni zan sare na Nola," in ji shi. "Na ce masa to. Gara ni da wani ya zo ya jefa mata shi a ka." Ya ɗago. "Kai da ka yi karatu, tsakaninka da Allah, kai ma ka yarda ni ne?"

Na ce, "Hoyt, ni rubutu kawai nake yi."

Ya gyaɗa kai. Ya ce matakalar nan ta biyu tana motsi, zai zo da ƙusa kafin ta karya ni. Ya tafi.

Waken yana nan a kan tebur.

Alhamis, 27 ga Mayu, da safe

Zuciyata tana tsallake bugu ɗaya, sai ta rama da biyu. Na sha ƙwayar likita. In na faɗi a kicin ɗin nan, sai Laraba za a sani.

Asabar, 29 ga Mayu, ƙarfe biyu

Malama Lorene ta tsaya a gidana neman ruwan sha, tana auna itatuwan bakin rafi. Na tambaye ta, kamar mai son ilimi kawai, ko akwai yadda za a gane ta inda ƙwaron ya shigo.

Ta ce babu. Ta ce ko ba wanda ya kawo shi, da ya iso da kansa nan da 'yan shekaru, yana gangarowa daga arewa dutse bayan dutse. Ta ce ta gaya wa Malam Doyle haka, bai saurare ta ba.

"Me ya sa ka tambaya, Baba?"

Na ce tsofaffi ba su da aiki sai tambaya.

Na ji sanyi a raina har na ci abinci. Da ya iso da kansa. Na maimaita wa kaina wannan wajen sau ashirin. Amma ba ƙwaro ne ya zauna a ɗakin bayan coci da alƙalami a hannu ba.

Talata, 1 ga Yuni, da yamma

Doyle ya ɗaure ƙyallaye. Shuɗi na magani, ja na zarto. Ya zo ya gaya mini da kansa, yana jin ya yi mini alheri.

"Matarka ta samu shuɗi, sai ka saki fuska. Asabar sharar kaburbura da sara, Litinin yarinyar gandun daji ta zo da magani. An gama."

Kwana shida. In na yi shiru kwana shida, maganin ya shiga ƙasa, ba mai iya tono shi.

Laraba, 2 ga Yuni, ƙarfe shida

An kawo wake. An gyara matakala. Na yi kamar ina barci.

Alhamis, 3 ga Yuni, da hantsi

Kwana huɗu.

Juma'a, 4 ga Yuni, ƙarfe huɗu

Na hau makabarta ni kaɗai. Ban ƙirga tsayawa ba. Na zauna a ƙasa kusa da Zelma na yi mata bayani, yadda nake yi mata in na yi ɓarna a gida. Na ce ke kika ce daga gonar babanki. Da na ji abin da bakina ya faɗa sai na rufe shi.

A kan kabarin Nola akwai ƙaramar tunkiya ta dutse, kanta ya sulɓe saboda shafawa. Jan ƙyallen yana kaɗawa daidai samanta.

Ina tsoron su. Ina tsoron Doyle da bakinsa, ina tsoron bencin ƙarshe. Ba ni da ɗa ba ni da jika. Wanda zai tara ƙasa a kan kabarina ya kawo fure duk Yuni, cikin mutanen nan yake.

Asabar, 5 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta a jere.

Mutane wajen talatin sun zo da fartanya da manjagara. Mata suna kankare ciyawa, maza suna tara ƙasa a kan kaburburan da suka lotsa. Hoyt ya fara tun sassafe daga gefen shinge, kafin tsakar rana ya kwantar da takwas, bai taɓa dutse ko ɗaya ba. Ba wanda ya ce masa sannu. Ni an ba ni kujera da littafin kwamiti, ina sa alama.

Sai ya ɗauki zarto ya nufi na Nola. Jewel ta cire rigar sanyinta ta rufe tunkiyar dutsen, don kada ɓaraguzai su same ta.

Ban san na tashi ba. Na ji muryata ta ce, "Dakata." Ba ta fita sosai ba, sai da na sake faɗa.

Na faɗa musu. Bargo, Coy, Virginia, shekara huɗu, gindin itacen da nake zuba rassan. Har wasiƙar dusar ado na faɗa. Wani daga baya ya yi dariya ya haɗiye ta.

Doyle ya ce, "Arvil, rana ce ta buge ka. Zauna."

"Tun ran uku ga Mayu na sani," na ce. "Na sani ranar da na rubuta sunanta."

Wannan ne ya sosa musu rai. Bargon ba su ji zafinsa ba, kowa yana da mamaci. Wata ɗayan da na yi ina ɓoyewa ne.

Jewel ce ta fara magana, a hankali. "Kawu, kana cin wakena?"

Na ce ban iya ci ba. Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba.

Ozella ta ajiye fartanya, ta je ta kwance jan ƙyallen, ta kwance shuɗin, ta musanya su. Doyle ya buɗe baki, ta ce, "Ka yi magana ta ishe ka bana, Doyle Rathbone. Je ka ba mutumin nan haƙuri." Ya cire hula, amma ban ji abin da ya ce ba.

Hoyt bai dube ni ba. Ya kashe zarton, ya ɗora a kafaɗa, ya ce yau ya gama, ya gangara.

Ozella ce ta kawo ni gida. Ta sauke ni a ƙofa ta wuce.

Lahadi, 6 ga Yuni, da safe

Ban je coci ba. Waya ba ta yi ƙara ba.

Litinin, 7 ga Yuni, da yamma

Na ga motar Malama Lorene ta hau, na ga ta sauko. Itacen Nola ya sha.

Laraba, 9 ga Yuni, ƙarfe bakwai na yamma

Ba wake. Na zauna a baranda har rana ta faɗi bayan dutse.

Alhamis, 10 ga Yuni, ƙarfe uku

Ƙarfe takwas na safe a-kori-kurar Hoyt ta tsaya a ƙofata. Bai fito ba, bai danna ƙaho ba. Na ɗauki sanda na shiga. Har muka kai makabarta ina tunanin mutumin da aka yi wa abin da na yi masa, da zarto a hannu, da dutsen matata a gabansa. Kuskuren taku ɗaya ya isa, kuma ba wanda zai ce da gangan ne.

Doyle yana can da igiya. Hoyt ya zagaya itacen Zelma sau uku, ya duba sama, ya jiƙa yatsa ya ji iska. Ya kwanta a ƙasa ya hango tsakanin dutsen Zelma da na Nola. Wurin bai fi faɗin ƙofa ba.

"Matsa baya, tsoho," in ji shi. Ba Kawu ba.

Na rufe ido da ya fara karkata. Ƙasa ta girgiza har cikin haƙorana. Da na buɗe, yana kwance tsakaninsu sambal, ƙura da farin abin suna tashi cikin rana. Dutsen Zelma yana tsaye. Ko gefensa bai goga ba.

Wurin ya yi haske da yawa. Ban taɓa ganin sunanta a cikin rana ba.

Hoyt ya yanka gungumen ya kwashe, ya bar kututturen ya kai gwiwa. Doyle ya ce sauran takwas ɗin duk daidai ƙasa aka yanke su, wannan ma a daidaita.

"Bar shi haka," in ji Hoyt, yana goge zarto. "Tsohon nan kullum yana nan sama. In bai samu wurin zama ba zai faɗi ya mutu, kuma ni za a ce in ɗauko shi. Na gaji da ɗaukar kayansa."

Na ce, "Hoyt."

Ya ce, "Ba yau ba."

Ya mayar da ni gida. A ƙofa ya ce Jewel ba ta huce ba, kada in je in ce zan ba ta haƙuri, sai ta neme ni.

Lahadi, 13 ga Yuni, Ranar Ado, ƙarfe huɗu

Na je. Wasu sun gaishe ni, wasu suna duban furanninsu. An yi waƙa, an ci abinci a inuwar manyan huɗun. Ni na zauna a kan kututturen. Rana ta dake mu, ni da Zelma, har aka tashi.